Amsar tambayar Hajiya kan shagunan kifi masu cin kaushi: mai fitilar UV ko mai canza ruwa?

Hajiya kin ce a Bankok kin ga shaguna biyu na sa ƙafa a ruwa kifaye su cinye kaushi, ɗaya ya ce ruwansa yana bi ta fitilar UV mai hasken kashe ƙwayoyin cuta, ɗayan kuma kowa da bahonsa ana zubar da ruwan in mutum ya tashi, kina tambayar wanne ya fi tsafta. Toh bari in faɗa miki yadda na fahimci abin.

Kifin sunansa Garra rufa, asalinsa daga kogunan Turkiyya da Siriya da Iraƙi da Iran ne, ba shi da haƙora, tsotsar mataccen fata kawai yake. Matsalar duka daga nan take, ruwan ninkaya ana zuba masa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta, shi kuwa wannan in aka zuba kulorin kifin ne zai fara mutuwa, kinga ke nan babu wani shago da zai iya sa magani mai ƙarfi alhali kifi yana ciki.

Mai UV tukun. Famfo ne yake jan ruwa ya bi ta matata sannan ya wuce ta cikin wani bututu mai fitila, hasken ya kashe ƙwayoyin da suka gifta. Yana aiki kam, amma abin da ya bi ta bututun kaɗai yake kashewa, ba ya barin komai a ruwan da zai ci gaba da kisa kamar kulorin, wato wadda take zaune gefenki in tana da ƙurji a yatsa ruwan da ya taɓa ta zai iso ƙafarki kafin ya je wajen fitila. Kuma in ruwan ya yi duhu hasken ba ya ratsawa sosai, fitilar ma tana raguwa da ƙarfi ko da tana ci, shi ya sa ake canza ta kamar duk shekara, ke kuwa ina za ki san yaushe aka canza? Ki shafa jikin tankin daga ciki, in kin ji yauƙi yauƙi to wannan UV bai taɓa kai wa gare shi ba.

Na biyun ya fi kwanta min a rai, don aƙalla ba kya haɗa ruwa da kowa a lokaci guda. Sai dai ki tsaya ki kalla, in an zubar da ruwan ina ake kai kifin? Kwashe su ake da raga a mayar cikin sabon ruwa, bakin da ya gama tsotsar dugadugan wani shi ne zai dawo kanki, kifi kuwa ba a wanke shi da Dettol. Wannan na cikin dalilan da suka sa jihohi sama da 10 a Amurka suka hana abin gaba ɗaya. Kuma shi kansa kifin yana zuwa da nasa, a 2011 an samu ƙwayar cuta mai suna Streptococcus agalactiae a jikin kifayen da aka kai Ingila daga Indonesiya.

Hukumar kare lafiya ta Ingila a 2011 ta ce haɗarin kaɗan ne in ana kula da tsafta, amma mai ciwon suga da mai raunin garkuwar jiki da mai rauni ko ciwon fata a ƙafa su haƙura, wadda ta aske ko ta cire gashin ƙafa kuma ta bari sai bayan awa 24.

Ni dai in dole ne, mai baho ɗaya ɗaya zan zaɓa, musamman in shi ma yana da matata da UV a inda suke ajiye kifin, kuma su duba ƙafarki su wanke ta kafin ki sa. In ba su duba taki ba to ba su duba ta wanda ya riga ki ba. Amma Hajiya in kaushinki irin na hunturu ne da ya tsage har yana jini wlh kar ki sa, ki jiƙa a ruwan ɗumi ki goge da dutse ki shafa man kaɗe ki sa safa ki kwanta.