Sharhi kan rangadin iyakar Koriya biyu daga birnin Seoul

Duk wanda aiki ko karatu ko kasuwanci ya kai shi Seoul zai ci karo da tallan rangadin iyakar Koriya ta Kudu da Koriya ta Arewa a kusan kowane otel. Kamfanonin da ke shirya shi suna da yawa, amma tsarinsu kusan ɗaya ne, domin sojoji ne ke ƙayyade inda za a je da tsawon lokacin da za a tsaya. Na bi ɗaya daga cikinsu, wanda ake tashi da sassafe a dawo bayan azahar, tare da ɗan jagora mai jin Turanci. Kuɗina ba su tafi a banza ba, sai dai tarihin da ake ba mutum a cikin motar gutsure ne, kuma abin da aka tsallake shi ne ya fi bayyana dalilin da ya sa iyakar take wurin.

Ta fuskar tsari ba ni da ƙorafi. Motar ta tashi a kan lokaci, kuma cikin kimanin awa ɗaya muka isa Paju, birnin da ke bakin iyakar. Dole mutum ya riƙe fasfonsa na ainihi, domin a gadar da ta ratsa kogin Imjin soja ne ke shigowa cikin mota yana duba kowa da jerin sunayen da kamfani ya miƙa. Ba a yin rangadin ranar Litinin, kuma ana iya soke shi ba zato idan zaman ɗar-ɗar ya ƙaru. Zirin da aka fi sani da DMZ, wanda yarjejeniyar tsagaita wuta ta ware tsakanin rundunonin biyu, yana da tsawon kusan kilomita 250 da faɗin kilomita 4, kuma mafi yawan rangadin a bakinsa ake yi. Shuɗayen ɗakunan taron nan na Panmunjom, waɗanda layin iyakar ya ratsa ta tsakiyarsu, da ake gani a talabijin ba sa cikin rangadi na yau da kullum, an ma dakatar da kai baƙi can bayan wani sojan Amurka ya ruga ya tsallaka Arewa a Yulin 2023, don haka wanda su ne burinsa ya tambaya kafin ya biya.

Zangon farko shi ne Imjingak, filin tunawa da yaƙin Koriya da rabuwar ƙasar, kuma a ganina ya fi kowane zango nauyi, duk da cewa shi aka fi yi wa gaggawa. Akwai kan wani tsohon jirgin ƙasa mai aiki da gawayi da aka ɗauko daga tashar Jangdan, jikinsa duk hudojin harsashi, ƙarfen ya lanƙwashe ya yi tsatsa. Kusa da shi akwai Gadar 'Yanci, wadda fursunonin yaƙi sama da 12,000 suka bi suka dawo Kudu a 1953, an toshe ƙarshenta da shingen waya, mutane sun ɗaɗɗaura ƙyallaye masu ɗauke da saƙonni ga 'yan'uwansu na Arewa. Akwai kuma dandamalin Mangbaedan, inda waɗanda yaƙi ya raba da garuruwansu ke zuwa a manyan bukukuwan shekara su fuskanci arewa su rusuna wa iyayen da ba za su iya ziyartar kaburburansu ba. Babu wasiƙa, babu waya tsakanin talakawan ƙasashen biyu, kuma haɗuwar iyalai ta ƙarshe da gwamnatoci suka shirya an yi ta ne a Agustan 2018. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne a gefen wannan wuri aka kafa filin wasan yara da lilo da rumfunan abinci, har kiɗansu na isowa wurin dandamalin.

Daga nan sai rami na uku, ɗaya daga cikin huɗu da Kudu ta gano Arewa ta haƙa ta ƙarƙashin iyaka tsakanin 1974 da 1990. Shi wannan an gano shi a Oktoban 1978, zurfinsa mita 73, tsawonsa ya haura kilomita ɗaya da rabi. Ana ajiye waya da kyamara a akwatin ajiya, a ba mutum hular kwano, ya gangara ta wata doguwar hanya mai santsi. A ƙasa rufin ya yi gajarta ƙwarai, dogon mutum sai ya tafi a duƙe, kana jin hulunan jama'a na bugun dutse ƙwas-ƙwas, ruwa na ɗiga ta ko'ina. An nuna mana inda aka shafa baƙin gawayi a bango don a ce ma'adinai ake haƙa, alhali dutsen wurin ba irin mai kwal ba ne. Gangarawa ba wuya, hawowa ce aiki, kuma mai ciwon gwiwa ko hawan jini ko asma gara ya jira a sama.

A tsaunin Dora an jera na'urorin hangen nesa kyauta. Idan babu hazo ana ganin birnin Kaesong, wanda kafin yaƙi yana ɓangaren Kudu, da rukunin masana'antun haɗin gwiwa da aka buɗe a 2004 aka rufe a 2016, da tutar Arewa a kan hasumiya mai tsawon mita 160 da aka gina don ta zarce ta Kudu. Ranar da na je sararin ya ɗan washe, har na hangi wani mutum a kan keke a bakin gona.

Inda nake da ja shi ne labarin. Gajeren fim ɗin da ake nunawa kafin shiga ramin, da bayanin ɗan jagora, duk sun fara ne daga asubahin 25 ga Yuni 1950, lokacin da dakarun Arewa suka kutso da tankokin yaƙi. Wannan gaskiya ne, babu mai musun sa. Amma iyakar ta girmi yaƙin da shekara biyar, kuma ba 'yan Koriya ne suka shata ta ba. Da Japan, wadda ta mallaki ƙasar tun 1910, ta sha kashi a Agustan 1945, wasu hafsoshin Amurka biyu, Dean Rusk da Charles Bonesteel, suka duba taswira cikin gaggawa suka zaɓi layi na 38, layin taswira da ya ratsa tsakiyar ƙasar daga gabas zuwa yamma, don Seoul ta faɗo hannun Amurka, Tarayyar Sobiyet kuma ta amince. Zuwa 1948 kowace ta kafa gwamnatin da ta dace da aƙidarta, Syngman Rhee a Kudu, Kim Il Sung mai bin tafarkin gurguzu a Arewa. Kim bai kai hari ba sai da shugaban Sobiyet Stalin ya ba shi izini da makamai. Amurka ta shiga da tutar Majalisar Ɗinkin Duniya ne saboda a lokacin Sobiyet na ƙaurace wa Kwamitin Sulhu kan batun kujerar ƙasar Sin, ba ta nan balle ta hau kujerar naƙi. Da dakarun Janar MacArthur na Amurka suka sauka a Incheon, gaɓar teku kusa da Seoul, a Satumba suka nausa har kusa da kogin Yalu da ke iyaka da Sin, sai Sin ta turo dubban ɗaruruwan sojoji a Oktoba, matuƙan Sobiyet kuma suka riƙa tuƙa jiragen yaƙi samfurin MiG-15 a ɓoye, Amurka ta sani ta yi shiru don kada rigimar ta zama ta gaba da gaba. Ko gari ɗaya na Amurka ko na Sobiyet ba a taɓa ba, amma Seoul sau huɗu tana sauya hannu, miliyoyin mutane suka mutu, mafi yawansu 'yan Koriya fararen hula, aka kuma tsaya kusan inda aka fara.

Ba a ambaci ruwan bama-baman Amurka da suka baje biranen Arewa ba. Ba a ambaci kisan tsibirin Jeju da ya faro a 1948 ba, wanda Shugaba Roh Moo-hyun na Kudu ya nemi gafara a kansa a 2003, haka kuma kashe dubban waɗanda ake zargi da gurguzu da jami'an Kudu suka yi a farkon yaƙin, duk da cewa hukumar binciken gaskiya ta ƙasar da kanta ta tono shi. Da na tambayi ɗan jagoran, bai yi ƙumbiya-ƙumbiya ba, ya ce duk sun faru, amma ba sa cikin bayanin da aka tsara masa. Ban kuma yarda da masu ɗaukar shugabannin Koriya biyu a matsayin 'yan amshin shata kawai ba. Kim ne ya yi ta naci wajen Stalin, Rhee ma burinsa ya haɗe ƙasar da ƙarfi, shi ya sa Kudu ba ta sa hannu a yarjejeniyar tsagaita wuta ta 27 ga Yuli 1953 ba, kuma har yau babu yarjejeniyar zaman lafiya. A jerin ƙasashe 16 da suka ba da mayaƙa an karanto sunan Habasha, wadda Sarki Haile Selassie ya tura bataliyar Kagnew, aka wuce ba ƙarin bayani.

A hanyar dawowa an tsayar da mu a wani kantin saiwar magani ta ginseng na tsawon lokacin da ya fi wanda aka ba mu a Imjingak, ma'aikata na ta matsa wa mutane su saya, kuma wannan ya rage mini ƙimar kamfanin. Akwai kamfanonin da ke rubuta cewa ba sa tsayawa sayayya, su ya kamata a nema ko da kuɗinsu ya ɗan fi. Ban ga abincin halal ko wurin salla a zangunan ba, don haka musulmi ya tafi da guzurinsa. Wanda yake da sarari ya fara zuwa gidan tarihin yaƙi da ke unguwar Yongsan, inda shiga kyauta ce kuma bayanin ya fi faɗi duk da shi ma da idon Kudu aka tsara shi, sannan ba shi da nisa da Itaewon, inda babban masallacin Seoul da gidajen abincin halal suke.