Wajen Malama mai gyaran maganar yara a Katsina: yadda na ga aikinta da ɗana mai maimaita zance

Duk uwar da take da yaro wanda baki ya buɗe amma ba tashi maganar yake yi ba, sai dai ya kwaso jimla sukutum yadda ya ji ta a talabijin ko a bakin wani ya sake ta haka nan har da muryar mai ita, to ni shawarata ta nemi mai gyaran magana wadda ta san irin waɗannan yaran. Wadda muke zuwa wajenta nan cikin garin Katsina gaskiya na gamsu da ita, duk da akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba kuma zan faɗe su don kar wata ta je da dogon buri. Ba zan sa sunanta ba saboda ban nemi izininta ba, Malama kawai muke ce mata.

Ɗana shekararshi 4 da 'yan watanni. Yana kawo Fatiha da ƙulhuwallahu tsaf, kiran sallah kuwa har jan muryar ladanin unguwarmu yana yi, shi ya sa in na ce ma dangi akwai matsala sai a ce haba ke dai, yaron da ke karatu haka? Amma ka tambaye shi me kake so, sai ya maido maka "me kake so". In ƙishirwa yake ji sai ya zo ya tsaya gaban randa ya ce "kana son ruwa?" don haka muke tambayarshi kullum. Kakarshi ta wajen uba, Allah ya ƙara mata lafiya, ita tana ganin shafar aljanu ce, wasu kuma su ce kunnen ƙashi ne kawai a sa mashi bulala. Mun yi addu'o'i kuma muna kan yi, ba abin da ya hana a haɗa da neman masu ilimin abin.

Abu na farko da ya sa na yarda da Malama shi ne ba ta karɓe mu ba sai da ta ce mu je asibiti sashen kunne a auna jinshi, kuma likitan yara ya duba shi. Ta ce ita ba likita ba ce, ba hurumin ta ba ne ta ce yaro na da otizim wato galahanga ko ba shi da ita, kuma ba duk yaro mai maimaita zance ne ke da lalurar ba, duk da an fi ganin abin a wajen masu ita. Wlh a zamanin nan da kowa ke son kuɗinka, wanda zai ce je ka wani wuri tukuna ka dawo ai abin a riƙe shi ne.

Wurin nata ɗaki ne guda a cikin gida, kafet a ƙasa, kwandon motocin wasa, 'yan kofuna na roba, kwalbar ruwan sabulu da ake hura kumfa, ba tebur ba allo. Ita ma a ƙasa take zama da littafi a cinyarta tana rubuta duk abin da ya fito daga bakinshi. Ranar farko ya juya mata baya yana jera motoci a layi, ta matso kusa da shi kaɗan, sai ya ce da muryar matar nan ta waya "lambar da kuka kira a kashe take". Ni har na fara jin kunya zan ce kai bari, sai ta ɗaga mani hannu, ta ce mashi "to, a kashe take", ta ja da baya. Can bayan ɗan lokaci shi da kanshi ya miƙa mata mota guda ba tare da ya kalle ta ba. Ta juyo ta ce mani Maman yaro, kin ga ai magana ya yi, cewa ya yi a ƙyale ni yanzu, kuma da ya ga an ji shi sai ya saki jiki. Na daɗe ina jin wannan jimlar a gida amma ranar ne na lura ashe ba ya faɗinta sai an takura mashi ko an cika hayaniya.

Bayanin da ta yi mani shi ne yara da yawa suna fara magana da kalma ɗaya ɗaya, mama, ruwa, zo, sannan su riƙa haɗa biyu, uku, har su kai ga jimla. Wasu kuma ta ɗaya gefen suke farawa, su ɗauki jimla gaba ɗaya a matsayin abu guda, kamar curin fura da ba a dama ba, sai daga baya a hankali take farfashewa su gane ashe kalmomi ne a ciki. Kuma jimlar tana manne da yanayin da suka fara jinta, abin da suka ji a ransu lokacin, ba wai ma'anar kalmomin ba. Misali ɗana in ya yi murna, ko Abbanshi ne ya dawo daga kasuwa ko ayaba aka ba shi, sai ya daka tsalle ya ce "an kawo wuta!" ko da rana tsaka ne kuma ba wutar, saboda duk unguwa in aka kawo wuta yara ihun murna suke yi, shi a wajenshi kalmar farin ciki kenan. Kowane yaro ma yana da ɗan irin wannan, ai "ina kwana" da "sai da safe" haka nan a dunƙule yara ke ɗaukarsu, sai dai su waɗannan kusan duk maganarsu haka take.

Masana suna ce ma maimaita zancen ekolaliya, salon koyon kuma gestal. Ba sabon abu ba ne, wata masaniyar harshe Ann Peters ta jami'ar Hawai a Amurka ta yi rubutu a kan yara masu ɗaukar magana a dunƙule tun 1977, sai Barry Prizant a farkon shekarun 1980 ya nuna cewa maimaitawar da yara masu otizim ke yi sau da yawa tana da aiki, roƙo ne ko ƙin yarda ko neman a kula su. Tsarin da Malama take bi kuma na wata mai gyaran magana ce Marge Blanc, ita ma 'yar Amurka, ta fitar da shi a 2012 da matakai 6. Na 1 jimla sukutum, na 2 yaro ya fara yanko rabin wannan ya haɗa da rabin waccan, na 3 ya fara ware kalmomi ɗai ɗai, daga na 4 ya fara gina tashi jimlar ko da a karkace, sauran kuma nahawu ne ke ƙara nuna. Malama ta gargaɗe ni tun yanzu cewa in ya kai na 3 zan ga kamar baya ya koma, yaron da ke zubo dogon zance ya dawo yana "mota... ja", ta ce kar hankalina ya tashi in na ga haka.

Inda na fi ganin amfanin kuɗina shi ne abin da take koya mani ni, don awa ɗaya a wajenta ba komai ba ce in aka kwatanta da wunin da yake yi da ni a gida. Ta ce in rage tambayoyi, mu kuwa kin san mu, menene wannan, waye wannan, ina hancinka, duk wuni jarabawa muke ma yaro. Ta ce in daina "ka ce kaza", saboda har da "ka ce" ɗin zai kwashe. Maimakon haka in riƙa faɗin gajerun jimloli kamar daga bakinshi suke fitowa, a daidai lokacin da abin ke faruwa, da murya mai daɗi mai hawa da sauka tunda sautin suke fara kamawa: "mu tafi waje", "a ba ni ruwa", "ba na so", "a taimaka mani", "kai ya yi daɗi", "wayyo da zafi". In ya zo gaban randa ba zan ce kana son ruwa ba, sai in ce "a ba ni ruwa" ina miƙa mashi kofin, kuma ba zan riƙe ruwan sai ya maimaita ba, wannan ta ja mani kunne sosai a kai. In kuma ya faɗi tashi jimlar ko ban gane ba in amsa, in gyaɗa kai ko in maimaita mashi, sannan in rubuta ta a waya da abin da ke faruwa lokacin, mu zauna da ita mu binciko daga ina ya samo ta. Akwai wata "sannu sannu kar ka zubar" da ta ba mu wahala, ashe yayarshi ce ta faɗa mashi ranar da ya faɗi da kofin kunu ya ƙone a hannu, shi ya sa duk sanda ya tsorata ita yake faɗi.

Yanzu bayan wasu watanni Malama ta ce ya fara taka mataki na 2. Ina jin "an kawo Abba", "an kawo ayaba", "mu tafi wanka", kuma "a ba ni ruwa" ta zauna daram har ya fara "a ba ni waya". Kuka da birgima a ƙasa sun ragu ƙwarai, ni a ganina don yanzu ana gane abin da yake nufi ne. Har yanzu ba ya hira, ba ya ba ni labarin makaranta, kuma ba zan iya rantsuwa cewa duk ci gaban daga wajenta yake ba tunda shi ma girma yake yi.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya kamata kowa ya sani kafin ya kashe kuɗi. Shi tsarin matakai 6 ɗin ana gardama a kanshi tsakanin masanan kansu, a 2024 wasu masu bincike sun tattara abin da aka wallafa don su ga ko an taɓa gwada shi a kimiyyance an ga yana aiki, ba su samu irin wannan gwajin ba. Ni na gani a intanet na kai mata da ɗan fargaba, sai ta ce eh haka ne, ita ma ta sani, matakan tana amfani da su ne don ta riƙa bin sawun yaro ba wai alƙawari ba ne cewa kowa zai bi su ɗaya bayan ɗaya, amma bin abin da yaro ke sha'awa da amsa mashi da rage matsi abubuwa ne da masu gyaran magana suka daɗe suna yi. Ta kuma ce in yaro na buƙatar hotuna ko alamar hannu don ya nuna abin da yake so a ba shi, ba ya hana baki buɗewa. Na ji daɗin wannan amsar fiye da a ce ta kare kanta. Duk wanda ya ce maku cikin wata 3 yaro zai warke ku kama kuɗinku.

Abubuwan da ban so ba kuwa, na farko tsada, kowane zama ake biya kuma ga kuɗin kurkura zuwa da dawowa, mai ƙaramin ƙarfi zai sha wuya, da ma za ta riƙa haɗa iyaye 4 ko 5 a zama guda ta koya masu a rage kuɗin. Sannan ita kaɗai ce ba mataimakiya, in uzuri ya taso mata sai a ɗaga zama, wani lokacin sai da safen ranar za ka ga saƙo, shi kuwa irin yaran nan in ka ce masu yau za a je wuri kaza aka fasa to ranar sai Allah. Wurin jira ma baranda ce, lokacin zafin Katsina na watan Afrilu zama da yaro a nan ba sauƙi. In ka tura mata bidiyo a WhatsApp tana dubawa da kyau kuma amsar tana da ma'ana amma sai ka yi haƙurin jira. Takardun da take da su duk na Turanci ne, jimlolin Hausa da kanta take zama ta tsara mana da biro, wannan ƙoƙari ne na yaba, sai dai uwar da ba ta yi boko ba ba abin da za ta ɗauka ta kai gida ta nuna ma maigida ko kaka.

Abin da nake roƙonta yanzu shi ne ta rubuta mana takarda ko shafi ɗaya ne zuwa ga malamar ajinsu da malamin Islamiyya, don can har yanzu in ya maimaita tambaya ana ɗauka raini ne. Ta ce za ta yi, har ma in makarantar ta yarda za ta je da kanta ta zauna da su. In za ku je wajenta karon farko ku tafi da sakamakon awon kunne, da ɗan bidiyon yaron yana wasa a gida yadda ya saba, da jerin jimlolin da ya fi faɗi da lokacin da yake faɗinsu, kuma in da hali maigida ya bi ku ya ji da kunnenshi.