Gashin ƙashi a asibiti ko mai gashin ya zo gida?

Mata a Agege sun dame ni da tambaya tunda suka ga ɗan yayata ya fara zama da kansa, wai asibiti ya fi ko a kira mai gashin ƙashi gida. Yaron yana da ciwon nan na gado da jiki baya iya sarrafa wani sinadari na abinci, a da jikinsa duk ya saki, wuya ma da ƙyar yake riƙewa.

Asibitin gwamnati kamar LUTH a Idi-Araba ko LASUTH a Ikeja kuɗin da sauƙi, ga kayan aiki, ƙaton ƙwallon nan da ake kifa yaro a kai da ƙarafan koyon tafiya, likitan yara kuma yana kusa in wani abu ya taso. Hanya ce matsalar, ki goyo yaro ki shiga danfo gosulo ya riƙe ku awa biyu lokacin abincinsa ya wuce, alhali wasu cikin yaran nan yunwa da gajiya na tayar musu da ciwon.

Na gida akwai tsada gaskiya, amma yaro na kan tabarmarsa ya ci ya huta, uwa kuma tana kallo tana koyon miƙa ƙafa da juya shi ta riƙa yi kullum, wannan ɗin shi ke ɗorewa. Sai dai ki nemi ganin lasisinsa na MRTB, hukumar da ke yi wa masu gashin ƙashi rajista a Najeriya, masu tausa da yawa fisiyo, wato masu gashin ƙashi, suke kiran kansu.

Yaron da ciwonsa ke yawan tashi, ko kuna kusa da asibiti, ku je can. In likita ya ce ya daidaita, gida da nisa kuma aljihu zai ɗauka, a kira gida.