Sake ɗaukar tsohon fim ko gyara na asalin?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai amfani a sake ɗaukar tsofaffin finafinai da sababbin jarumai, ko kuwa gara a gyara na asalin. Kafin a zaɓa, a fara duba a kan me aka ɗauki fim ɗin.

Idan a zaren fim ne mai faɗin milimita 35, gyara ya fi. Zaren yana riƙe da hoto mai kyau fiye da yadda aka taɓa ganinsa a talabijin. Ana wanke shi, a liƙe inda ya tsinke, na'ura ta kwafe shi hoto bayan hoto, 24 a kowace daƙiƙa, zuwa hoton kwamfuta mai kaifi sosai da ake kira 2K ko 4K. Sannan a goge karce a kwamfuta, a daidaita launi, a tace sauti daban. Haka aka ceto Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976, har aka nuna shi a bikin finafinai na birnin Balin na ƙasar Jamus a 2018. Jinkiri ne ke kashe wannan aiki: zaren da ya sha zafi da danshi yakan fara warin tsami, ya ƙanƙance, ya kanannaɗe, har na'ura ta kasa jan sa.

Kaset ɗin VHS kuwa, wanda aka yi yawancin finafinan Kano na shekarun 1990 da shi, layin hotonsa bai wuce kusan 240 ba. Abin da kyamara ba ta kama ba, kwamfuta ba za ta dawo da shi ba, balle in kwafin kwafi ne ya rage. A nan ne sake ɗauka yake da ƙima sosai, domin labari mai kyau ya maƙale a hoto mai hazo.

Sai dai sake ɗauka yana neman sabon abu. Fim ɗin Indiya mai suna Don na 2006 ya bi sawun na Amitabh Bachchan na 1978, amma daraktansa Farhan Akhtar ya juya ƙarshen: ashe ɗan ta'adda Don bai mutu ba, shi ne ya shiga rigar Vijay, mai kama da shi da aka sa ya maye gurbinsa. Ko wanda ya haddace tsohon sai da ya gyara zama. Fim ɗin Aag na 2007 kuwa ya taɓo Sholay na 1975, fim ɗin da mutane suka haddace maganganunsa, bai zo da abin da ya fi su ba. Rigimar haƙƙin mallaka ta sa aka canza masa suna, a kasuwa kuma ya faɗi warwas.

Furodusan da zai sake ɗauka ya karɓi izini a rubuce, na labari daban, na waƙoƙi daban, don sau da yawa masu su ba ɗaya ba ne. Kuma ya fara kwafe kaset ɗin asali zuwa kwamfuta kafin fumfuna ta cinye shi.