Muƙamuƙi mai siririn hanci na filayar ribit: abin da yake iyawa a wutsiyar jirgi da inda yake gazawa

Ƙara farantin ninki (farantin da ake liƙawa don ƙarin ƙarfi) a azarar gaba, wato dogon ƙarfen da ke ɗauke da nauyin fiffiken wutsiya na kwance, aiki ne da ke da sauƙi a takarda, amma a kan benci yana cin rai. Sanannen misali shi ne sanarwar gyara mai lamba 14-01-31 da kamfanin Van's Aircraft na Amurka ya fitar a 2014 ga masu ƙananan jiragensa RV-6, RV-7 da RV-8, bayan an ga tsaga a azarar kusa da haƙarƙarin ciki (haƙarƙari shi ne ƙarfen da ke ba fiffike siffarsa). Farantin kansa ba ya ba da wuya. Matsalar ita ce ribit ɗin da ke faɗawa a lungu, tsakanin leɓen haƙarƙari da ƙarfen kwana, inda muƙamuƙin filaya na yau da kullum, wato bakin filayar matse ribit mai siffar C, ba ya shiga. Domin irin wannan lungun ake sayen muƙamuƙi mai siririn hanci marar rami, mai zurfin inci 4, wanda ke hawa filayar hannu da ta iska masu tsarin CP-214.

Muƙamuƙin da aka saba da shi yana da rami mai faɗin inci 3/16 a hancinsa, inda ake sa dayis, ɗan ƙarfen da ke taɓa ribit lokacin matsewa. Ramin yana buƙatar nama a kewayensa, dayis ɗin kuma yana ƙara tsayi, shi ya sa hancin ke da kauri. Wannan kuwa an cire ramin gaba ɗaya, an goge fuskar hancin ta zama shimfiɗaɗɗiya, ita ce ke danne jelar ribit. Ke nan kan ribit na asali dole ya zauna a dayis ɗin da ke kan sandar turi (mai kofi, idan kan ribit ɗin ba lafaffe ba ne), jela kuma ta fuskanci hanci. Kayan aikin ne ke zaɓa maka ta inda ribit zai shiga. An fi son kan asali ya kwanta a kan ƙarfe mafi sirantaka, don haka ka duba zanen kafin ka juya ribit saboda jin daɗin filaya.

Kafin ka saya, ka yi lissafi. A ce jerin ƙarfen ya haɗa azara mai kaurin 0.032, farantin ninki 0.063, ƙarfen kwana 0.125 da leɓen haƙarƙari 0.032. Jimla inci 0.252. Ribit AN470AD4 kaurinsa 1/8 ne, jelarsa kuma za ta fito ninki ɗaya da rabi na kaurin, wato 3/16. Tsawon da ake nema ya kai 0.440, wanda ya yi daidai da AD4-7, inda -7 ke nufin tsawon inci 7/16. Abin da mutane ke mantawa shi ne hancin zai shiga bayan jelar ne tun ba a matse ta ba. Filin da kake buƙata shi ne 3/16 ɗin nan haɗe da kaurin hancin, ba tsayin kan da aka gama matsewa ba. Ka yanka kwali mai tauri da siffar hancin, ka zura shi a lungun alhali kiliko, maƙalan wucin gadi da ake sa wa ramuka, na riƙe da komai. In kwali bai shiga ba, ƙarfe ma ba zai shiga ba.

A kan ribit na 3/32, irin su AN426AD3 na ƙarshen haƙarƙari inda leɓuna biyu ke matsowa juna, babu abin kushewa. Matsa ɗaya, kai ya fito sumul, babu tabo a fata, wato siririn ƙarfen da ya rufe fiffiken.

A 1/8 ne halinsa ke fitowa. Sirantaka da zurfi suna da farashi: hancin yana ɗan buɗewa idan ƙarfi ya hau, fuskarsa ta daina kallon sandar turi ido da ido, sai jelar ta kwanta gefe kamar ƙusar da guduma ta goga. Dogon ribit irin -7 ya fi saurin yin haka. Maganinsa uku ne, kuma duk a hannun mai aiki suke. Jela ta zauna a ciki-ciki na fuskar hancin, ba a can tsininsa ba, inda lanƙwasa ta fi yawa. A matse sau biyu ko uku, ana ƙara tsawon sandar turi kaɗan-kaɗan, ana dubawa da ɗan madubi a tsakani. Sannan kada ribit ya wuce tsawonsa. Idan lissafi ya faɗa a 6.5, a yanke -7 da almakashin ribit maimakon a ce ai zai shige. Mai filayar iska ya tuna cewa ƙarfinta na taruwa ne a ƙarshen tafiyar sanda. In aka saita gibin ya yi ƙunci tun farko, za ta tsaya a rabi tana huci, ribit bai matsu ba.

Ma'aunin kan da aka matse kuwa ba a yi masa ragi don wuri ya yi ƙunci. Ƙa'idar da kowa ya haddace ita ce faɗi ninki 1.5 na kaurin ribit, tsayi rabinsa. Ƙa'idar sojan Amurka MIL-R-47196A ta yarda da faɗin 0.163 zuwa sama da tsayi tsakanin 0.050 da 0.070 ga ribit na 1/8. Kan da ya shiga wannan iyaka, ko bai yi kyau a ido ba, a bar shi. Cire ribit a lungu ya fi ɓata rami fiye da yadda kai mai ɗan muni ke rage ƙarfi, kuma ramin lamba 30 (girman da ake huda wa ribit na 1/8) da ya koma siffar ƙwai zai tilasta ribit na 5/32, wanda shi kuma yana neman tazarar 5/16 daga gefe. Sau da yawa leɓen ba shi da wannan naman.

Nan ne iyakar wannan kaya: yana magance ƙuncin wurin shiga, ba ya magance ƙuncin tazara. Daga tsakiyar rami zuwa gefen ƙarfe ana son ninki biyu na kaurin ribit, wato 1/4 ga AD4, kuma a kowane ƙarfe da ke cikin jerin, har da wanda ba ka gani. Idan kan ribit zai hau lanƙwasar ƙarfen kwana ko ya gogi kan maƙwabcinsa, gurbin ramin ne ba daidai ba. Kada a goge lanƙwasar da magagari don kai ya zauna, nan ne nauyi ke bi. A tambayi mai zanen jirgin kafin a matsar da rami ko a sauya irin ribit.

Akwai kuma ramukan da inci 4 ba ya kaiwa, musamman idan fata na jikin wutsiya. A nan ana komawa bindiga da lanƙwasasshen dayis, da ƙaramin ƙarfen tokare na tungsten, wanda nauyinsa ya ninka na ƙarfen yau da kullum mai girmansa fiye da sau biyu. Lanƙwasasshen dayis yana son juyawa ya yi wa kan ribit tabo mai siffar murmushi, don haka a ɗaure shi da salatif. Idan bayan ramin ba ya taɓuwa sam, CherryMax CR3213, ribit ɗin da ake ɗaurawa daga gefe ɗaya, shi ne mafita, da izinin mai zane, bayan an auna kaurin jerin da ƙugiyar awo. Girmansa na -4-4 yana kama kaurin 0.188 zuwa 0.250, jerin 0.252 na sama ya ɗan haura shi.

Muƙamuƙin ba ya lotsa gurbin ribit mai lafaffen kai tunda ba shi da ramin dayis, don haka ba zai zama muƙamuƙinka na farko ba. A matsayin na biyu, bayan na inci 3 da aka saba, ya cancanci saye. Idan ya iso, ka duba fuskar hancin da ƙaramin sikwaya ka tabbata ta yi daidai da sandar turi, ka kashe kaifin gefunanta, ka liƙa salatif a bayanta don kada ta karce azara, sannan ka gwada ribit biyar a guntayen alminiyam masu kaurin jerinka kafin ka kusanci wutsiyar.