Jijiyar gwiwa ta tsinke: tiyata ko gashi?

Ɗan'uwa, ka ce a wajen ƙwallon ranar Lahadi a Agege, Legas, ka juya da sauri, ka ji ƙas a gwiwa, kafin magariba ta kumbura suntum. Hoton MRI ya nuna jijiyar ACL, ɗaya daga cikin masu riƙe gwiwa, ta tsinke, likita ya kawo maganar tiyata, kai kuma dako kake yi a kasuwar Mile 12, kana tambaya ko lallai sai an yi maka aiki. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne.

Manyan jijiyoyi huɗu ne ke riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri, biyu a gefe, biyu a tsakiya sun gitta juna. Ta gefen ciki, wato MCL, jini na isa gare ta sosai, shi ya sa takan warke da kanta cikin makonni idan an tallafe gwiwar da maɗauri. ACL kuwa tana can tsakiya cikin ruwan gaɓa, idan ta rabu biyu ba kasafai take haɗewa ba. Ita ce ke hana ƙwauri zamewa gaba, ita ke riƙe gwiwa lokacin juyi. Shi ya sa za ka iya tafiya miƙe lafiya lau, amma da ka juya sai ƙafar ta ƙwace maka.

A tiyata ba tsohuwar jijiyar ake ɗinkewa ba. Wata ake yankowa daga jikinka, ta bayan cinya ko ta ƙasan ƙoƙon gwiwa, a huda ƙashi, a zura ta a mazaunin waccan a ɗaure. Da 'yar kyamara ake aikin ta ƙananan huji, don haka tabon ba wani babba ba ne. Wahalar tana bayan an sallame ka: makonni kana dogara sanda, watanni kana zuwa gashi, wato atisayen ƙarfafa ƙafa a asibiti, ƙwallo kuma sai bayan wata 9 zuwa shekara. A watannin farko sabuwar jijiyar ba ta gama kama jiki ba, wanda ya yi gaggawar komawa ɗaukar kaya zai iya tsinka ta. Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: waɗanda aka ɗebo musu ta ƙasan ƙoƙon gwiwa sun fi kukan ciwo wajen durƙuso. Mutumin da zai kai gwiwa ƙasa a sujada sau da yawa kullum, ya kamata ya faɗa wa likita wannan kafin a zaɓi inda za a yanko.

Gashi shi ne a ƙarfafa naman cinya na gaba da na baya har su ɗauki wani ɓangare na aikin jijiyar, a kuma koya wa ƙafa tsayuwa da kanta: tsayawa a ƙafa ɗaya, hawa da saukar matakala, keken motsa jiki. Kuɗinsa bai kai na tiyata ba, ba wuƙa, ba fargabar ƙwayar cuta ta shiga gaɓa. Amma yana son naci. Daga Mile 12 zuwa asibitin ƙashi na Igbobi titin Ikorodu ne miƙe, motar BRT za ta kai ka kusa, sai dai duk ranar zuwa ranar kasuwa ce ka rasa, kuma a nan da yawa ke sarewa. Haɗarinsa kuma shi ne, idan gwiwar ta ci gaba da ƙwacewa, kowace zamewa tana iya yaga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan, wanda gyaransa ya fi wuya.

An gwada hanyoyin biyu kafaɗa da kafaɗa. A Suwidin, wani bincike da aka wallafa a 2010 ya raba matasa 121 masu sabon rauni gida biyu: wasu tiyata da wuri, wasu gashi tukuna, sai ta ƙi a yi musu aiki. Bayan shekara biyu ba a ga wani bambancin a-zo-a-gani ba, kuma har shekara biyar kusan rabin 'yan gashin ba a yi musu aiki ba. A Birtaniya kuma, binciken 2022 kan waɗanda rauninsu ya daɗe kuma gwiwar na ta ƙwacewa ya nuna tiyata ta fi musu. Ciwon gaɓa na tsufa kuwa, da aiki da babu, wanda jijiyarsa ta tsinke ya fi kusa da shi.

Da a ofis kake zaune, ko tireda kake tsaro, da na ce maka ka riƙe gashi ka haƙura da ƙwallo. Amma naka aikin ya dame ni. Kwandon tumatir a ka, ƙasa duk santsin ruɓaɓɓen ganye da taɓon damina, ka diro daga bayan tirela ka kauce wa mai baro: wannan juyi ne kamar na filin ƙwallo, ga nauyi a sama. Duk da haka ni a ganina ka fara da gashi na kamar wata uku, da gaske, a hannun ƙwararre. Ko tiyatar za a yi, likitoci sun fi so kumburi ya sauka, ƙafa ta miƙe sosai tukuna, don haka ba asara ka yi ba. Idan bayan nan tana ƙwace maka ko a matakala, to ka fara tanadin tiyata, da na cefanen watannin da za ka yi ba ka ɗaukar kaya.

Akwai inda ba a jira. Idan gwiwar ta maƙale ta ƙi miƙewa, mai yiwuwa guringuntsi ne ya yage ya shiga tsakani. Haka in jijiya fiye da ɗaya ta tsinke, kamar yadda kan faru a haɗarin acaɓa. Idan kuwa tafin ƙafa ya yi sanyi ko ya mutu bayan rauni, wannan na gaggawa ne a ranar.

Na san za a ce maka ka je wajen mai ɗori, ko ka tafi gida a duba ka. Ƙashinka bai karye ba, babu abin da za a ɗora, kuma ɗaure ƙafa da karare na makonni sandarar da gwiwa yake yi, cinya ta zube. Tsaga ko ƙaho a kan gaɓa kuma kada ka yarda. In ma gida ka fi samun mai jinya, akwai asibitin ƙashi na Dala a Kano. Ka tafi da hoton naka, ka tambayi likita ko guringuntsin ya taɓu, don amsar nan za ta iya sauya duk lissafin wata ukun.