Atisayen ƙididdiga: da biro ko da kwamfuta?

Mai koyon ƙididdiga ko dai ya zauna da takarda da kalkuleta, ko ya zuba alƙalumansa a manhajar kwamfuta irin su Excel ko R.

Aikin hannu akwai jinkiri, amma a nan ake ganin cikin lissafin. Ɗauki lambobi biyar: 2, 4, 4, 5, 10. Matsakaicinsu 5 ne. Cire 5 daga kowacce, ka ninka abin da ya fito da kansa, za ka samu 9, 1, 1, 0, 25. Kaga 10 ita kaɗai ta kwashe 25 cikin jimillar 36, wato ma'aunin yadda lambobin suka bazu daga matsakaicinsu. Kwamfuta amsar ƙarshe kawai za ta miƙo maka, ba ruwanta da nuna maka wace lamba ce ta ja ragamar.

Sai dai da zarar bayanai sun kai ɗaruruwa, biro ya gaza. Neman layin dangantaka tsakanin abubuwa biyu da hannu ɓata lokaci ne, kuma zane ya fi sauƙi a na'ura. A 1973 masanin ƙididdiga Francis Anscombe ya haɗa rukunin bayanai huɗu, kowanne da ɗigo 11, layinsu kusan ɗaya ne, y = 3 + 0.5x, amma zanensu ya sha bamban ƙwarai.

Haɗarin na'urar shi ne ta buga maka ƙimar p ta 0.03, wato yiwuwar samun sakamako irin wannan ko wanda ya fi shi in babu wani tasiri na gaske, ka ce ba ta kai 0.05 da aka saba ɗauka a matsayin iyaka ba, an gama, alhali ba ka duba yadda aka zaɓo samfurin da aka samo bayanan daga gare shi ba. Ni dai da biro zan fara babin yiwuwa da gwajin hasashe.